Badagry: Yadda Yashi da Igiyar Ruwa Suka Tsara Tarihin Wani Bakin Teku

Buɗe taswirar da ke cikin wayarka, ka nemi Legas, sannan ka ja yatsa zuwa yamma kamar mai shirin tafiya Kwatano. Kafin ka kai iyakar Seme za ka ga gari mai suna Badagry. Ƙara girman hoton ka duba da kyau, za ka lura garin bai taɓa teku ba. A gabansa akwai wani dogon ruwa siriri mai kama da kogi, bayan ruwan akwai zirin ƙasa mai yashi da itatuwan kwakwa, sai a bayan wannan zirin ne Tekun Atilantika yake. Wato abu uku ne a jere: gari, tafki, da zirin yashi.

Wannan jeri shi ne mabuɗin tarihin wurin. Shi ya sa 'yan gudun hijira suka zaɓe shi, shi ya sa fataken bayi suka so shi, kuma shi ne ya sa daga baya Legas ta ƙwace masa kasuwa. Labarin kuwa ya shafe ka in kai mutumin Kano ne ko Katsina ko Gobir, domin akwai Hausawan da ƙafarsu ta ƙarshe a ƙasar Afirka a kan irin wannan yashi suka taka ta.

Daga ina yashin ya zo?

Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, ruwan teku ya yi ƙasa da inda yake yau da kusan mita 120. Da ƙanƙarar ta narke, ruwa ya riƙa hawa har ya tsaya kusa da matsayinsa na yanzu, wajen shekara 6,000 baya. Tun daga nan igiyar ruwa ta shiga aikin tara yashi a wannan gaɓa.

Igiyoyin da ke dukan wannan yanki ana haifarsu ne can nesa a kudancin Atilantika, inda guguwa ke kaɗawa, su yi tafiyar dubban kilomita kafin su iso. Ba sa zuwa kai tsaye. Sukan iso a karkace daga kudu maso yamma. Igiya ta ɗauki ƙwayar yashi ta hau da ita gaɓa a karkace, in ruwan zai koma kuma sai ya gangaro da ita a miƙe. Ka ga ke nan ƙwayar ta ɗan matsa gabas. Wata igiyar ta zo ta sake yin haka, dare da rana, shekara da shekaru. Abin da ake samu shi ne wani irin kogin yashi da ke tafiya daga bakin kogin Bolta na Gana, ya ratsa Togo da Binin, ya shigo Najeriya.

Wannan yashi mai tafiya yakan toshe bakunan ƙananan koguna. Kogin da ya zo zai faɗa teku sai ya tarar an gina masa katanga, dole ya karkata ya bi bayan katangar yana neman mafita. Haka aka samu jerin tafkuna da rafuka a bayan gaɓa, suna haɗe da juna. Kogin Yewa da ke gangarowa daga jihar Ogun yana zuba ne a cikin wannan ruwa kusa da Badagry. Daga nan mutum zai iya shiga kwale-kwale ya nufi yamma zuwa Porto-Novo, ko gabas zuwa Legas, ba tare da ya taɓa teku ba.

Teku ba mashiga

Matsalar irin wannan gaɓa ita ce ba ta da wurin da jirgin ruwa zai fake. Yashi ne miƙaƙƙe, igiya na fashewa a kansa da ƙarfi, musamman da damina. Saboda haka jiragen Turawa sukan yada anga ne can cikin teku, nesa da gaɓa, kuma duk abin da zai shiga jirgi ko ya fito, mutum ne ko kaya, sai an ɗauke shi a kwale-kwale an keta igiyar.

Mutanen wannan yanki gwanayen tafki ne, amma keta igiyar teku wata sana'a ce daban. Don haka Turawa kan tsaya a gaɓar da ake kira Gana a yau, wajen Elmina da Cape Coast, su ɗauki hayar matuƙa da kwale-kwalensu su taho da su. Duk da ƙwarewar waɗannan matuƙa, kwale-kwale kan kife. Ka tuna waɗanda ke ciki sau da yawa a ɗaure suke.

Tafkin da ke baya kuwa ya ba 'yan kasuwa wata dama. In yaƙi ya rufe wata tasha, ko sarki ya tsawwala haraji, sai a zuba bayi a kwale-kwale a bi ta bayan yashi a kai su wata tashar. Shi ya sa tashoshin wannan gaɓa, Wida da Jakin da Apa da Porto-Novo da Badagry da Legas, suka riƙa karɓe kasuwa daga hannun juna kamar masu wasan ƙwallo.

Garin 'yan gudun hijira

In ka je Badagry, masu zagayawa da baƙi za su ce maka an kafa garin tun wajen 1425, sunan kuma ya samo asali ne daga gonar wani mutum mai suna Agbede. Babu mamaki a ce an daɗe da masunta da manoma da masu dafa gishiri a wurin. Amma a takardun Turawan da ke ciniki a gaɓar, Badagry ta fito a matsayin tasha ne a shekarun 1730, kuma dalilin a bayyane yake.

Sarki Agaja na Dahomey ya ci Allada a 1724, ya ci Wida a 1727, ya rushe tashar Jakin a 1732. Jama'a suka watse, da yawa suka bi tafki suka yi gabas, domin sojojin Dahomey mayaƙan tudu ne, ruwa na ba su wahala. Cikin waɗanda suka gudu har da wani ɗan kasuwa Bature daga Holan mai suna Hendrik Hertogh. Ya fara sauka a Apa, daga baya wajen 1736 ya koma Badagry ya kafa cinikinsa, jama'a suka taru a kusa da shi. Bai daɗe ba aka kashe shi. Mutanen gari suna tunawa da shi da sunan Huntokonu, har yau kuma ana nuna kabarinsa.

Tunda kowane ayari daga garinsa ya taso da shugabansa, sai Badagry ta tashi da unguwanni takwas, kowace da nata basarake: Akran a Jegba, Wawu a Ahovikoh, Possu a Posukoh, Mobee a Boekoh, Jengen a Awhanjigoh, da sauransu. Akran shi ne babba, kuma shi ne sarkin garin a yau, amma a wancan zamani ba ya iya juya sauran yadda yake so. Kowane basarake yana da Turawan da yake hulɗa da su, wannan na Fotugal, wancan na Ingila, wancan na Faransa. Jama'ar su ne ake kira Ogu ko Egun, harshensu ɗan'uwan na mutanen kudancin Binin ne, suna zaune tare da Awori, wani reshe na Yarabawa.

Gari mai arziki da shugabanni barkatai abin kwaɗayi ne ga maƙwabta. A 1784 rundunar haɗin gwiwa, da ta ƙunshi Dahomey da Legas da amincewar Oyo, ta afka wa Badagry ta rushe ta. An sake gina ta, amma ba ta ƙara zama ita ce kan gaba ba.

Wuri ya yi arewa, mutum ya yi kudu

To, su wa ake sayarwa, kuma daga ina suke? A nan ne labarin ya taɓo ƙasar Hausa. Babbar daular da ke bayan wannan gaɓa ita ce Oyo, wadda Hausawa ke kiran babban birninta Katunga. Ƙarfin Oyo a kan dawaki yake, dawakin kuma daga arewa take sayo su, tare da kanwa da bayi. A zamanin Alafin Abiodun, wanda ya yi mulki har zuwa 1789, Oyo ta ƙarfafa hanyar da ta ratsa ƙasar Egbado, wato Yewa ta yau, ta sauka Porto-Novo da Badagry. Ta wannan hanya bayi daga Nupe da Bargu da ƙasar Hausa da Barno suka riƙa isa teku.

Abin da ake biya da shi ya haɗa da tufafi, da giya, da bindiga da albarushi, da tabar Burazil wadda ake shafa wa maɗi, da kuma wuri. Wurin nan da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya ake kwaso shi, a kai Turai, a sake loda shi a jirgi zuwa wannan gaɓa. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, farkon ƙarni na 18, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Hanyar da wuri ya bi ya hau, ita mutane suka bi suka gangara.

Bayan jihadin 1804 yaƙe-yaƙe sun ƙaru, kamammu sun ƙaru, daga ɓangarorin biyu. A 1817 bayi Musulmi da ke ƙasar Oyo, da yawansu Hausawa, suka yi tawaye suka haɗu da Afonja a Ilori. Daular ta kama hanyar rugujewa, yaƙe-yaƙen Yarabawa suka ɓarke, kasuwar bayi ta cika. Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin tun 1807, amma masu sayen Burazil da Kuba sun ci gaba har tsakiyar ƙarnin.

Masu nazarin takardun jiragen ruwa sun ƙiyasta cewa an ɗebi mutum kimanin miliyan 12.5 daga Afirka zuwa nahiyar Amurka. Kusan miliyan 2 daga wannan gaɓa suka fita, wadda Turawa suka laƙaba wa suna Gaɓar Bayi. Wida kaɗai ta fitar da kusan miliyan 1, Legas ta fitar da sama da 300,000. Rabon Badagry ya gaza na Legas nesa ba kusa ba. Abin da ya sa sunanta ya fi fita a yau shi ne wuraren tarihinta sun tsira, yayin da gine-ginen zamani suka haɗiye na Legas.

Gberefu da rijiyar mantuwa

Daga bakin ruwan garin, ƙaramin jirgi mai inji zai tsallakar da kai zuwa Gberefu cikin 'yan mintoci. Daga nan sai tafiyar ƙafa a kan yashi, tsakanin itatuwan kwakwa, wajen minti 20 zuwa 30, kafin ka fara jin rugugin teku. Ƙarshen wannan hanya shi ne wurin da aka yi wa laƙabi da "inda ba a dawowa". Wanda aka kora ta nan, ya baro kasuwar Vlekete a cikin gari, ya tsallaka tafki, ya taka wannan yashi, sai kwale-kwale, sai jirgi.

A tsakiyar hanyar akwai wata rijiya. Labarin da ake bayarwa shi ne an yi mata asiri, duk bawan da aka tilasta wa shan ruwanta sai ya manta gida da iyaye da sunansa. A Wida ma akwai makamancin labarin, sai dai can bishiya ce ake zagayawa.

Bari mu fara da tambayar kimiyya: yaya aka yi aka samu ruwan sha a zirin yashin da ruwan gishiri ya kusa kewayewa? Amsar tana cikin nauyi. Ruwan teku ya fi ruwan sama nauyi da kusan kashi 2.5 cikin 100, saboda gishirin da ke cikinsa. In an yi ruwan sama, yakan nutse cikin yashi ya zauna a saman ruwan gishiri, kamar yadda mai ke zama a saman miya. Lissafin masana ruwan ƙasa ya nuna cewa duk mita 1 da ruwan daɗi ya ɗaga sama da matakin teku, akwai kusan mita 40 nasa a ƙasa. Shi ya sa ƙauyukan bakin teku ke haƙa gajeriyar rijiya su sha. Amma in aka zuƙe shi fiye da kima, gishiri kan taso ya ɓata rijiyar.

Batun mantuwa kuwa, tarihi da kansa ya ba da amsa. A jihar Bahiya ta Burazil, Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1809 da 1814. A watan Janairun 1835, cikin Ramadan, Musulmi bayi da 'yantattu, mafi yawansu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka tayar da babban bore a birnin Salbado. A jikin waɗanda aka kashe an samu layu da rubutun Larabci. Bayan haka, wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da Hausawa bayi ya yi musu tambayoyi, ya buga littafi a 1851. Sun lissafa masa garuruwansu, Kano da Katsina da Zazzau, da zangon da suka bi har zuwa teku. Mutumin da ya sha ruwan mantuwa ba zai kawo sunan zango ba. Abin da labarin rijiyar ya adana shi ne burin masu cinikin: su raba mutum da asalinsa don ya yi sauƙin sarrafawa.

Hanyar Sakkwato ta fara daga nan

A 1824 Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya yi amfani da sunan Abdullahi a tafiyarsa, ya isa Sakkwato ta hanyar hamada, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sun yi magana a kan buɗe hulɗa ta teku da kuma hana sayar da bayi ga Turawa. Da zai dawo karo na biyu sai ya biyo ta kudu. Ya sauka Badagry, ya bar ta ranar 7 ga Disamba 1825, ya bi hanyar Egbado zuwa Katunga, ya ƙetare Kwara a yankin Busa, ya isa Kano, sannan Sakkwato. A can ya rasu a watan Afrilun 1827.

A cikin ayarinsa akwai wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira William Pascoe. An sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi, ya yi aikin jirgin ruwa, sannan ya zama tafinta. Ka duba yadda duniya ta juya da shi: ya fita ta teku a ɗaure, ya dawo ta teku yana nuna hanyar gida.

Hadimin Clapperton, Richard Lander, ya komo Badagry shi kaɗai cikin Turawan a ƙarshen 1827. Fataken bayi 'yan Fotugal suka ce wa sarakunan gari ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi ya sha ruwan guba na rantsuwa. Ya sha, ya ruga masauki ya amayar, ya tsira. A watan Maris 1830 ya dawo da ƙanensa John, suka sake tashi daga Badagry, suka je Busa da Yawuri, suka bi Kwara a kwale-kwale har inda ta faɗa teku. Da haka Turawa suka san bakin kogin da suka daɗe suna nema. A 'yan kwanakin da suka yi a Badagry sun rubuta cewa sun ga malamai Hausawa a garin, kuma sun kalli Musulmi suna sallar idi bayan azumi. Ka ga ke nan zaman Hausawa a wannan gari ya kusa shekara 200, in ma bai wuce ba.

Bishiya, makaranta da bene

Daga 1839 wani sabon ayari ya fara sauka a wannan gaɓa: Yarabawan da jiragen Ingila suka ƙwato daga jiragen bayi aka zaunar a Saliyo. Sun tara kuɗi sun sayi jirage, suna komawa gida ta Badagry zuwa Abekuta. Su suka nemi a turo musu malaman addininsu. A watan Satumba 1842 Thomas Birch Freeman na cocin Methodist ya iso, ya yi wa'azi a ƙarƙashin wata bishiya da ake kira Agia. A Disambar shekarar Henry Townsend na mishan ɗin Anglican ya same shi, suka yi bikin Kirsimeti tare. Bishiyar ta faɗi a 1959, an gina alama a gurbinta. An buɗe makarantar boko a 1843, wadda ake lissafawa a matsayin firamare ta farko a Najeriya.

A 1845 Charles Gollmer da Townsend da Samuel Ajayi Crowther suka sauka a garin, aka kammala gidan mishan mai hawa ɗaya a bakin ruwa. Crowther shi ma tsohon bawa ne da aka ƙwato, ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, daga baya ya zama bishop. Wannan gida ne ake tallatawa da sunan "bene na farko a Najeriya". In kai Bakano ne kana da damar yin murmushi, domin Clapperton ya bayyana gidajen ƙasa masu bene da matakala a Kano tun 1824, shekara 21 kafin nan. Daidai magana shi ne a ce yana cikin tsofaffin benaye irin ginin Turawa da suka rage a ƙasar.

Siyasar Legas ma a nan ake dafa ta. Sarki Adele da aka kora daga Legas ya yi zaman hijira a Badagry a shekarun 1820. Akitoye, wanda Kosoko ya tumɓuke a 1845, shi ma nan ya ƙare. A tsakiyar 1851 faɗa ya ɓarke a garin tsakanin magoya bayansa da na Kosoko, aka ƙona unguwanni. A Disambar shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas ruwan wuta suka mayar da Akitoye. A 1852 sarakunan Badagry suka sa hannu a yarjejeniyar daina sayar da bayi, a 1863 kuma garin ya shiga ƙarƙashin mulkin Ingila. Ofishin jami'in mulki na wancan zamani shi ne gidan tarihin garin a yanzu.

Nan yashi ya sake yanke hukunci. Legas tana da abin da Badagry ba ta da shi: buɗaɗɗen baki da ke haɗa tafki da teku duk shekara. Da ciniki ya koma na manja, kuma jirage masu tururi suka shigo, sai kowa ya nufi inda jirgi zai iya shiga. Badagry ta koma garin gefe.

Seriki Abass da ɗakunansa 40

A kan titin bakin ruwa akwai wani gida da ba a zuwa Badagry a tsallake shi, gidan Seriki Williams Abass. Bayarabe ne daga ƙasar Egbado, an kama shi yana yaro, ya ɗauki sunayen iyayen gidansa biyu, Abass da Williams. Labarin zuriyarsa ya ce an kai shi Burazil, ya koyi karatu da harsuna, ya dawo ya zama babban ɗan kasuwa. Ya shugabanci Musulmin garin, abin da ya ba shi laƙabin Seriki, wato kalmarmu ta "sarki" da Yarabawa suka ara. Turawan mulki sun ɗora shi a kan yankin, ya rasu a 1919.

A gidan za a nuna maka ƙananan ɗakuna, a ce guda 40 ne a da, kowanne ana cusa mutum 40. Za ka ga sarƙoƙi da mari, kamar yadda za ka gani a gidan tarihin iyalan Mobee. Yi lissafi da kanka: Burazil ta rufe shigo da bayi a 1850, shekara 69 kafin rasuwar Abass. Ke nan ƙarfinsa da dukiyarsa sun fi faɗawa zamanin da safarar teku ta mutu amma bautar cikin gida na nan da ranta, bayi na noma da dakon manja. Wannan ɓangare ne da ba mu cika son tattaunawa ba, a kudu ko a arewa. Rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda ake ɗauka tushen sojan Najeriya, da Hausawa bayin da suka gudu daga iyayen gidansu na wannan yanki aka fara ta.

Ƙauyukan gaɓa a yau

Kwakwar da ta cika bakin tekun tana da nata tarihin. A 1876 limaman Katolika suka kafa gona da makaranta a Topo, kan zirin yashin gabas da garin, suka shuka kwakwa da yawa. Itacen na son yashi, yana jure gishiri, sai ya bazu. Yau Badagry ce cibiyar kwakwar jihar Legas, daga kasuwar Agbalata ake lodinta zuwa arewa.

A 1889 Ingila da Faransa suka ja layi tsakaninsu, Porto-Novo ta faɗa hannun Faransa, Badagry ta zauna wa Ingila. Layin ya raba Ogu gida biyu. Har gobe mutumin Apa ko Kweme yana da dangi a tsallaken Seme, kuma Zangbeto, dodon ciyawa mai gadin dare, yana fita a ɓangarorin biyu. Lokacin da gwamnati ta rufe iyakokin tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, waɗannan ƙauyuka sun ji a jikinsu. A bakin teku za ka tarar da masunta, wasunsu 'yan asalin Gana da Togo, suna jan doguwar koma da igiya, mata na ƙyafe kifi. A Iworo da gaɓar da ke hanyar Seme akwai wuraren shaƙatawa da mutanen Legas ke cikawa ranar hutu. A Ajido kuwa bututun iskar gas na Afirka ta Yamma yake shiga teku ya nufi Binin da Togo da Gana.

Yashin bai daina tafiya ba

Ka tuna kogin yashin da muka fara da shi? Duk abin da aka gina ya tare shi, yashi kan taru a yammacinsa, gabashinsa kuma ya shiga yunwa, teku ya fara cin ƙasa. An gwada an gani. Daga 1908 aka fara gina katangun duwatsu a bakin mashigar Legas don kare hanyar jirage. Yashi ya taru a yamma, Bar Beach da ke gabas ta yi asarar fiye da kilomita 1, har sai da aka gina mata katangar teku. Madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 ta rage yashin da Bolta ke kawowa. Tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, da aka gina a shekarun 1960, kowace ta haifar da zaizaya a gabashinta. Badagry kuwa tana gabas da Bolta da Lome da Kwatano.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da gina babbar tashar jiragen ruwa a Badagry. A 2024 kuma aka ƙaddamar da aikin titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon fiye da kilomita 1,000, wanda zai haɗa garuruwa biyun da Clapperton ya haɗa da ƙafa da doki. In ayyukan sun tabbata, albasar Sakkwato da shinkafar Kebbi za su samu gajeriyar hanya zuwa teku, garin da Legas ta bari a baya zai samu tashar da yanayi ya hana shi. Amma tasha na bukatar katangar tare igiya, kuma ka riga ka san abin da katanga ke yi wa yashi. Ga masu haƙar yashi a cikin tafki don gine-ginen Legas, ga matakin teku da ke ƙaruwa da 'yan milimita kowace shekara.

Zirin da ke ɗauke da hanyar Gberefu da rijiyarta da ƙauyukan masunta tudun yashi ne kawai, ba dutse a ƙarƙashinsa da zai riƙe shi. Tambayoyin da ya kamata a yi wa masu aikin a fili suke: ta yaya yashi zai tsallake katangar, wa zai riƙa auna gaɓar kowace shekara, kuma ina za a kai mutanen da za a tasa? Akwai dabarar zuƙo yashi daga gefen da ya taru a zuba a gefen da ke zaizayewa, ana yin ta a wasu ƙasashe, amma sai an sa ta cikin lissafin kuɗi tun farko.

In Allah ya kai ka Legas, ware yini ɗaya ka je. Ka tafi da ruwan sha da hula, ka tsallaka Gberefu da safe kafin yashi ya yi zafi. Da ka isa bakin teku, jefa ɓawon kwakwa a inda igiya ke fashewa ka bi shi da ido na minti biyar, za ka ga ya nufi gabas.